Septirin a Cikin Kunun Inna

Shekarun baya, tun muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, ina ɗalibin zanen gine-gine a Birnin Kebbi, wani tari mai taurin kai ya kama ni. Ga zazzaɓi, ga majina, in na ja numfashi sai in ji kamar ana soka mini tsinke a haƙarƙari. Na yi ta jarumtar banza har abokin ɗakina ya gaji da rashin barci, ya tasa ni gaba zuwa wani ɗakin shan magani.

Wanda ya duba ni dattijo ne mai haƙuri. Ya saurari ƙirjina, sannan ya zuba mini wasu fararen ƙwayoyi a 'yar takarda.

Ya ce, "Sunanshi Septirin. Magani biyu na anka haɗe cikin ƙwaya guda, in ɗaya ya kama ƙwayar cuta ga ƙahwa, ɗayan shi kama ta ga wuya. Biyu da sahe, biyu da dare, har sati guda. Ka sha ruwa da yawa. Kuma kak ka ce ka ji sauƙi ka aje, in ka aje ciwon na dawowa da ƙarhinshi."

Har na miƙe ya ƙara tambayata ko magani ya taɓa ɓata mini jiki. Na ce a'a, da gaba gaɗi kuwa. Alhali a cinyata akwai wani baƙin tabo kamar kwabo, wanda ya fito mini bara da ƙaiƙayi da raɗaɗi, bayan na sha wasu fararen ƙwayoyi na gudawa da na saya a kemis. Ni da nake taƙama da lissafi da awo, ban iya haɗa ɗaya da ɗaya ba.

Kwana biyu da fara sha aka ba mu hutu, na hau mota zuwa gida Argungu. Bazara ce, rana kamar ta dafa mutum, kuma na tarar baƙon dauro ya shigo unguwarmu, kusan kowane gida akwai yaro a kwance. Mahaifina ya bi lodin albasa zuwa kudu. Gidan daga mahaifiyata, wadda muke kira Inna, sai gwaggona, yayar mahaifina, da ƙannena.

Tarin ya fara sauka, na ji daɗi. Amma sai tabon cinyata ya farka, ya yi ja yana zafi. Washegari idanuna suka kaɗa jawur, zazzaɓi ya dawo ya fi na da, maƙogwarona ya yi kamar na haɗiyi ƙaya. Kafin a ce me, jajayen ƙuraje sun feso mini a fuska da ƙirji.

Gwaggo ta ɗaga rigata ta duba, ta gyaɗa kai.

"Baƙo na. Ai dama wanga ɗa bai yi shi ba da ƙuruciya, ga shi ya biyo bashinai da girma."

Har dariya aka yi mini. Ƙato da gemu ya fara tsirowa, ɗan boko guda, ya kwanta ciwon yara. Ni ma na yi dariyar, don magana ta yi ma'ana: ga jan ido, ga zazzaɓi, ga ƙuraje, ga shi kuma ciwon ya cika gari.

A wancan zamani baƙon dauro yana da dokokinsa a gidajenmu, kuma ba a wasa da su. Ba a yi wa mai shi wanka, ba a fitar da shi iska, sannan babbar doka, ba a kai shi asibiti, don an yi imani baƙon dauro ba ya son allura, in ta taɓa jiki sai ya koma ciki ya kashe. Fitowar ƙuraje kuwa abin murna ce, gara waje da ciki. Aka shimfiɗa mini tabarma a ƙuryar ɗakin Inna, aka saki labule.

Inna ta tambaye ni maganin da na zo da shi. Na maimaita mata abin da dattijon nan ya faɗa, cewa kada a ajiye sai ya ƙare. Gwaggo ta ce ƙwaya ba allura ba ce, ba ta hana komai, ƙila ma ita ce ta taimaka ta turo ciwon waje. Inna ta karɓi takardar ta ƙulle a bakin zanenta. Daga ranar ita ce likitana, kuma duk wanda ya san mahaifiyata ya san in ta riƙe abu ba ta saki.

Bakina ya ƙwaɓe. Leɓɓana suka farfashe suna jini, harshena ya kumbura, ko yawu ba na iya haɗiyewa sai na runtse ido. Da ƙwayar ta ƙi wucewa, Inna ba ta karaya ba. Takan sa ta a murfin kwano ta murƙushe da bayan cokali, ta dama a kunun tsamiya mai ruwa-ruwa, ta tallafo kaina a cinyarta tana ɗura mini kaɗan-kaɗan.

"Daure, ɗan nan. Saura kaɗan shi ƙare. Sha don ni."

Ni kuwa in sha. Ina jin wannan ƙarar ta cokali a kan murfi, ƙas-ƙas-ƙas, har yau in na ji irinta sai tsikar jikina ta tashi.

Dariya ta ɗauke a gidan. Ƙurajen suka haɗe suka zama manyan bororo masu ruwa, irin na wanda tafasasshen ruwa ya zubo wa. Wata safiya na farka na kasa buɗe ido. Na ɗauka kwantsa ce, na sa yatsa zan ɓamɓare, sai na ji fatar idon ta manne da 'yar'uwarta. A nan tsoro ya shige ni, tsoron da ban taɓa sanin irinsa ba. Ban yi tunanin mutuwa ba tukuna, tunanina ɗaya ne: mai zane da makanta, ina suka haɗu? Na yi ta kiran Inna da muryar da ni kaina ban gane ta ba, ina cewa ba na gani, ba na gani.

Ta shigo da gudu, ta kama kafaɗata za ta tayar da ni zaune. Na ji wani raɗaɗi a baya, na ji ta yi salati da ƙarfi. Daga baya ƙanwata ta gaya mini abin da suka gani: fatar bayana ce ta saɓule ta zauna a kan tabarma.

Ban ga fuskokinsu ba, muryoyi kawai na ji a kaina.

Inna ta ce, "Yaya, wanga ba baƙon dauro na ba. Na yi jinyatai ga ɗiyana, na yi ga na maƙwabta, ban taɓa ganin ya heɗe mutum da rai ba. Asibiti za ni kai shi."

Gwaggo ta ce, "Ke! Allura za su yi mishi. Kin manta ɗana? Da ƙahwata nik kai shi, anka tsira mai allura, bai kwana ba. Kuma maigidan ba shi nan, in wani abu ya hwaru mi za ki ce mai?"

Gwaggo ba mugunta take yi ba, kuka take. Ɗanta na fari baƙon dauro ne ya ɗauke shi, kuma ta rayu tana ganin allurar ce. Ina jin hannun Inna a kan goshina. Gaba kura baya sayaki: in ta bar ni ina narkewa a gabanta, in ta kai ni kuma, a iya saninta, hannun mai kisa za ta miƙa ni.

Can ta ce, "In ya mutu, ni nik kashe shi. Na ɗauka."

Aka samo a-kori-kura a tasha, aka shimfiɗa katifa a baya, aka lulluɓe ni da tsohon zane mai laushi. Birnin Kebbi Inna ta ce a nufa, don a can aka ba ni maganin farko. Tafiyar da na saba yi ina gyangyaɗi, ranar ji na yi ba za ta ƙare ba. Kowane rami motar ta faɗa sai in ji kamar ana sake feɗe ni. Inna tana zaune a kaina ta kare ni daga rana da mayafinta, ba abin da ke fita bakinta sai "Hasbunallahu wa ni'imal wakil."

A asibiti na ji takun takalma sun kewaye ni. Wata murya ta namiji, likitan ke nan, ta tambayi me ake ba ni a gida. Inna ta ce ba a ba ni komai na gargajiya ba sai kunu. Sannan na ji tana kwance bakin zanenta, muryarta har da ɗan ƙarfin wanda ya san ya yi abin kirki.

"Ga maganin asibiti da anka ba shi. Ban bari ya tsallake ko sau guda ba, likita. Da bakin ya ƙi, daka mai nikai cikin kunu. Ko yau da sahe sai da nib ba shi."

Na ji ƙarar takarda, na ji likitan ya ɗaga zanen da ke cinyata ya tsaya a kan tsohon tabon nan.

A hankali ya ce, "Inna, ba baƙon dauro ba ne. Wannan maganin ne. Magani ne mai kyau, yana warkar da mutane da yawa, amma akwai jikin da ba ya ɗaukarsa. Na ɗanki yana cikinsu. Da ƙurajen suka fito, ranar ya kamata a tsayar."

Na ji wani abu ya faɗi, ashe Inna ce ta zauna daɓas a siminti. Da suka zo sa mini ƙarin ruwa kuwa, allurar da aka yi ta gudu, sai ta kama ɗan yatsan ƙafata, wurin da ya rage da fata mai lafiya, ta riƙe gam tana jiran in mutu a hannunta. Ban mutu ba.

Na daɗe a gadon nan. Jinyar wanda ya ƙone aka yi mini, ana wanke ni ana shafa magani, ana ɗura mini ruwa ta jijiya. Kullum wata ma'aikaciyar jinya takan zo ta raba fatar idanuna da wani ɗan sandan gilashi, ta sa man ido, don kada su haɗe har abada. Nakan tambaye ta ko zan gani, ita kuma takan ce sai dai mu roƙi Allah. Ba amsar da na tsana kamar wannan. Gwaggo ta biyo mu da kwanon fura, ta zauna bakin ƙofa, ba ta ƙara maganar allura ba. Mahaifina ya dawo daga kudu ya tarar da ɗansa kamar ɗanyen nama, ya ji yadda aka yi, bai ɗora wa kowa laifi ba.

Ranar da idona ya buɗe, abu na farko da na gani dishi-dishi shi ne Inna, ta rame kamar ita ce mai ciwon. Na ce mata ina ganinta. Ta ce in faɗi launin ɗankwalinta. Na ce shuɗi. Sai ta juya baya ta rufe fuska.

Na warke, na koma makaranta, na yi aikin zane har na yi ritaya. Abin da na ɗauka daga wannan lamari ba tsoron magani ba ne. Dattijon nan gaskiya ya faɗa, irin wannan magani ba a ajiye shi don an ji sauƙi. Amma akwai rabin magana da ban sani ba a lokacin: in kana shan sa ka ga ƙuraje, ko bakinka ya fara gyambo, ko ido ya kaɗa, to ka tsaya nan take ka koma wurin likita, kada ka jira ganin ƙarshen takarda. Kuma in an tambaye ka ko magani ya taɓa yi maka wani abu, kada ka raina ko da ɗan tabo ne. Ni yanzu kafin in gama gaisawa da likita na riga na ce masa ba na shan Septirin da danginsa, har 'ya'yana suna tsokanata wai shi ne sunana na biyu.

Inna kuwa ba ta ƙara ba wani mahaluki ƙwaya da hannunta ba, ko jikokinta ne sai dai ta kira uwarsu. Na sha gaya mata cewa ita ta cece ni, ita ta karya dokar gari ta kai ni asibiti ba tare da izinin kowa ba. Sai ta ce, "Awo, amma ni nid dama kunun." Duk zuwan da zan yi Argungu, gaisuwarta ta farko ita ce, "Ya idon?" Ni kuma in ce lafiya lau.

Abin da ban taɓa gaya mata ba shi ne ciwon ya bar mini gani amma ya tafi da hawayena. Idanuna ba sa kawo ruwa, da ɗan kwalbar magani nake yawo a aljihu ina ɗigawa, kuma a gabanta ban taɓa fito da shi ba.

Ranar da ta rasu, aka kai ta aka dawo, mutane suna ta yaba dauriyata, wai ko ƙwalla ban yi ba. Na shiga ɗakinta, na zauna a ƙuryar nan da aka taɓa shimfiɗa mini tabarma, na ciro kwalbar na ɗiga a kowane ido, na bar shi ya gangaro. Da hawayen kemis na yi kukan mahaifiyata.