Zaman da Na Yi Ta Ɗagewa

Ko zan manta komai na zamana a Guangzhou, ban da kwana goman da Babana ya yi a wurina. Tsohon alƙalin kotun tarayya ne, tun zamanin soja yake shari'a har ya yi ritaya. Lauyoyi sun san shi da abu ɗaya: ba ya son ɗage zama. Ko a gida ka ce masa "sai gobe", zare tabarau zai yi ya kalle ka har ka tsargu.

Aikin ido ne ya kawo shi, ya kuma zo daidai lokacin da nake haɗa kayan sallah. In ba na kasuwar Shahe ina zaɓen riguna, to ina tashar jiragen ruwa ta Huangpu ina gadin kwantena. Da ya ji 'yan China na ce min laoban, wato maigida, shi ke nan na samu suna.

Rana ta uku muna karyawa ya ce, "Laoban, awa ɗaya nake nema a wurinka. Akwai wata shari'a da nake so ka ji."

Na ɗauka irin labaransa ne da muka haddace tun muna yara. Na ce, "Baba, bari in sallami kaya, gobe in sha Allah." Ni sarkin sauri, haka na yi ta jera masa gobe har kwanakinsa suka ƙare.

Sai a mota, hanyar filin jirgi, ya fara. Wani direba ne aka tsare shekarun baya. Ranar da Baba zai saurari belinsa sai ya ɗage zaman mako uku, ya tafi ɗaurin auren ƙaninsa. Kafin ya dawo mutumin ya rasu a tsare.

"Ya bar 'ya'ya," in ji shi. "Ni yanzu ba ido ba ƙafa. So nake ka nemo min su in roƙe su gafara. Sunansa..."

Sai wayata ta yi ƙara, ana shirin rufe kwantenata. Na ce, "Baba, minti ɗaya." Minti ɗayan nan har bakin filin jirgi ya kai mu. Ya zare tabarau ya kalle ni, ba ko faɗa, ya yi murmushi.

"To laoban, an ɗage zama."

Daga baya na kira shi sau biyu, ya ce ba maganar waya ba ce, sai na zo sallah. Saura kwana shida sallah Allah ya karɓi abinsa.

Na birkice takardunsa kaf, ban samu sunan direban ba. Na tambayi Hajiyarmu, ta ce ko ita bai taɓa faɗa mata ba. Rigunan sun isa Kano lafiya, an sayar, an sa, sun koɗe. Ni kuwa har yau abin na cin raina, don kuskuren da ya yi shekaru yana kuka da shi, shi na maimaita a kansa.

Tun daga nan, in babba ya ce min yana da magana, kife wayar nake yi in zauna. Gobe ba a hannuna take ba. Akwai wasu mutane a wani gari da Babana ya so ya durƙusa musu, ni kuma ko sunan ubansu ban tsaya na ji ba.