Na Goge Bidiyon Ɗana Don Gudun Bakin Mutane

Assalamu alaikum. Shekara huɗu da suka wuce, ni mutum ne mai ganin kansa wayayye. Ina da teburin gyaran waya a bakin kasuwar Goronyo, da rani kuma ina noman albasa a fadamar da muka gada kusa da Rimawa, inda gidanmu yake. Na gama sakandare, kuma a gidanmu ni ake miƙo wa takardar asibiti in karanta. In gardama ta tashi a majalisa kan allurar rigakafi, muryata ce ke fin ta kowa, ina cewa jahilci ya yi mana katutu. Na fara da wannan ne don kada mai karatu ya zaci wani wanda bai san komi ba ne ya aikata abin da zan faɗa. Ni na aikata shi, da hankalina, idona biyu.

Matata 'yar Rara ce ta ƙasar Rabah, mace mai kawaici wadda ba ta iya ja-in-ja ba. Allah ya ba mu ɗan fari namiji, lafiyayye, mai yawan dariya. Yana da wata biyar, wata safiya ina shirin tafiya ban ruwa, ta kira ni ɗaki ta ce in tsaya in ga wani abu. Yaron ya farka ke nan daga barci, yana kwance bisa tabarma. Sai na ga kansa ya faɗo gaba farat ɗaya kamar mai ruku'u, hannuwansa suka watsu, gwiwoyinsa suka naɗe zuwa ciki. Kafin ƙiftawar ido ya saki. Jim kaɗan ya sake, ya kuma sakewa, ya yi ta yi har na daina lissafi, sannan ya fashe da wani kuka siriri. Ta ce kwana huɗu ke nan yana haka duk sanda ya tashi daga barci. Ni kuwa hankalina na wurin injin ban ruwa da na aro. Na ce mata firgita ce irin ta jarirai, na saɓa fartanya na fita.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta ce murɗar ciki ce, ko kuma haƙori ke tafe. Na biya wurin wani mai kemis na kwatanta masa. Har yau in na tuna mutumin nan sai raina ya ɓaci. Bai ce in kawo yaron ba, bai tambayi watanninsa ba, ban ma rufe baki ba ya miƙo hannu bisa kanta ya sauko da kwalba biyu, ya ce duk yaran garin nan da su suka yi haƙori. Muka riƙa ɗura wa yaro. Maganin ya sa shi barci kamar an doke shi, mu kuma muka ce sauƙi ya samu. Matata kaɗai ta ce ba sauƙi ba ne, domin da zarar ya buɗe ido abin na nan, har ma ya ƙaru.

Da ta matsa, na kai su wani ƙaramin asibiti. Muka yi zaman layi tun hantsi har azahar, yaro na bisa cinyarta lafiya lau, ko motsi bai yi ba. Ma'aikacin da ya gan mu ya taɓa goshinsa, ya ce babu zazzaɓi. Matata ta fara kwatanta masa da hannu yadda yaron ke yi, sai ya katse ta ya tambaye ta ko haihuwar fari ce. Da ta ce eh, ya kalle ni ya yi dariya, ya ce duk haka suke, ko atishawa yaro ya yi sai su rugo asibiti. Wallahi na taya shi dariyar. Ina ganin matata ta sunkuyar da kai tana gyara goyo. Na ji daɗi ma da wani mai farar riga ya gaskata ni a gabanta.

Tun da ta ga bakinta bai isa a yarda da shi ba, sai ta yi dabara. Ta ɗauki wayar da na ba ta, ta yi gadin barcinsa da safe, ta ɗauki bidiyon abin tun daga farko har ƙarshe. Da na dawo daga kasuwa ta miƙo mini wayar. Na kalla sau uku. A cikin wayar na ga abin da na ƙi gani da idona: yadda ƙwayar idonsa ke juyewa sama, da yadda fuskarsa ke zama kamar ba kowa a ciki. Kalmar da ba a son furtawa ta faɗo mini a rai, wato farfaɗiya. Matata ta ce gobe mu kai bidiyon babban asibiti a Sakkwato. Na ce to, amma bari in nuna wa Inna tukuna.

Inna ta kalla sau ɗaya, ta tashi ta saki labulen ƙofa. A lokacin saura wata biyu bikin ƙanwata, autarmu, an riga an sa rana bayan cirar albasa. Ta rage murya ta ce, "Mi kake so mutane su ce? In wanga abu ya fita, wa za shi ɗauki ɗiya daga gidanga? Ko ruwanmu ba a ƙara sha." Ta tuna mini da wani ɗan uwansu da aka ware wa ƙwarya da tabarma har ya mutu, don ana cewa yawunsa na yaɗa ciwon. Ta ce asibitin Sakkwato cike yake da mutanen ƙasarmu, kafin mu dawo labari ya riga mu isowa. A bari a ɗaura aure, in ya so a kai shi duk inda za a kai shi. Kafin nan a yi masa rubutu da hayaƙi.

Ina da bakin da zan ce mata a'a. Ni ne mai karanta takardar asibiti a gidan. Amma na tuna majalisa, na tuna masu kawo mini gyara, na ji kamar ina jin ana nuna ni ana cewa ga uban mai farfaɗiya. A zauren gidanmu na tsaya na goge bidiyon. Na shiga na ce wa matata wayar ta samu matsala, duk abin da ke ciki ya tafi, sai na kai ta kasuwa na duba. Sana'ar da nake ci da ita na yi mata ƙarya da ita, don na san ba ta da yadda za ta musa. Na jefa wayar cikin aljihun teburina tare da matattun batura, ta kwana sittin a can. Duk sanda ta tambaya sai in ce kayan gyaran ba su iso daga Kano ba.

A cikin wata biyun nan yaron ya riƙa zamewa daga hannunmu muna kallo. Dariyar ta ɗauke. Da can in an tafa masa yakan juyo, sai ya daina. Wuyan da ya riga ya tsaya ya koma laƙwas. Ɗakin kullum turnuƙe da hayaƙi har idon uwar ya yi ja. Ta roƙe ni ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ni kuma in daka mata tsawa in ce ta cika baƙin baki, tana neman jawo wa ɗana abin da babu. Na cire albasa, na cika rudu, wato rumbun ajiyarta, na sayi kayan ɗakin ƙanwata, mutane na yaba mini.

Ranar biki aka ce matata ta zauna a ɗaki da yaron, duk wanda ya tambaya a ce mura yake yi. Surukata ta zo daga Rara ta kwana ɗakin ɗiyarta. Da safe abin ya tashi a gabanta. Tsohuwar nan ba ta taɓa shiga aji ba, amma ba ta yi shawara da kowa ba. Bayan an kai amarya ta gaida Inna cikin ladabi, ta roƙi a ba ta aron ɗiyarta kwana biyu ta huta gajiyar biki. Inna ta amince da sauri. Kwana uku bayan haka yayan matata ya kira ni ya ce suna Sakkwato, an ba yaron gado.

Kunya ta ishe ni in faɗa, amma da fushi na hau mota. Tun daga Goronyo har muka wuce mararrabar Wurno ina shirya kalaman da zan tambaye su wa ya ba su izinin kai mini ɗa. Na shiga ɗakin da aka kwantar da shi na tarar an manna wa kan yaron wayoyi ana gwajin ƙwaƙwalwarsa, duk kalaman suka gudu. Likitar, wata mace mai natsuwa, ta tambayi yaushe abin ya fara. Matata ta ce wata uku da 'yan kwanaki. Likitar ta ajiye biro ta dube mu. Ta tambaya ko babu wanda ya taɓa ɗaukar bidiyonsa, domin irin wannan ciwon sau da yawa ba ya tashi a gaban likita. Matata ta ce, "Na ɗauka, likita. Wayar ce ta lalace." Ba ta dube ni ba.

Likitar ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce wani nau'in farfaɗiya ne na jarirai, wanda ba ya kama da wadda aka sani ta faɗuwa da kumfar baki, shi ya sa ake ɗaukarsa firgita ko ciwon ciki. Ta ce ba a ɗaukarsa ta yawu ko ta cin abinci tare, ko kaɗan. Ta ce akwai magani, amma ciwo ne da ake tsere da shi, domin kowane mako da ya wuce yana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Na tambaye ta, da mun zo da wuri fa? Ta ce ba za ta yi mini alkawarin abin da Allah kaɗai ya sani ba, amma da ta fi son ganinsa a makon farko.

Da la'asar na samu matata a ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro a harabar asibitin, tana wanke kwano. Na tsuguna na faɗa mata gaskiya, cewa wayar ba ta lalace ba, ni na goge. Na zaci za ta yi kuka ko ta zage ni, da ma hakan ya fi mini sauƙi. Sai ta ci gaba da wankinta ta ce, "Na sani tun rannan. Kullum in ka dawo kasuwa hannunka nike kallo, ko ka ji tausayinmu ka maido ta."

Aka fara magani, kafin mako biyu abin ya tsaya cak. Sai dai abin da ya tafi bai dawo duka ba. Yau ɗana ya haura shekara huɗu. Sai da ya kusa uku ya taka. Kalmominsa ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba, sa'o'insa kuwa sun fara zuwa makarantar allo. Muna kai shi Sakkwato ana duba shi, ana koya mana yadda za mu motsa shi, kuma yana ci gaba a hankali, alhamdu lillahi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, labarin ya fita, kuma ba abin da ya faru. Surukan ƙanwata da muka ji wa tsoro su ne suka cika mota suka zo dubiya har asibiti, da kwanon fura. Auren na nan, har da 'ya'ya biyu. Majalisa ta yi maganar kwana uku ta koma kan farashin taki. Wannan shi ne dodon da na ba wa wata biyu na rayuwar ɗana. Inna yanzu ita ta fi kowa goyonsa, takan share hawaye ta ce ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, kuma ba na ɗaga wa mahaifiyata murya. Amma ba na yarda a lulluɓe abin da muka yi da wannan kalma. Ciwon ƙaddara ne. Kwalaben mai kemis, da dariyar ma'aikacin nan, da labulen da aka saki, da yatsan da ya danna gogewa, waɗannan aikinmu ne, kuma za a tambaye mu.

Don haka nake roƙon iyaye, musamman maza 'yan uwana. In jaririnku na yin wani motsi da yake maimaituwa iri ɗaya, a jere, musamman in ya tashi daga barci, ko kuka ga ya daina abin da ya riga ya iya, ku ɗauki bidiyo ku nufi babban asibiti a ranar, ba bayan biki ba, ba bayan girbi ba. In an sallame ku da dariya, ku wuce gaba. In ba komi ba ne, kun yi asarar kuɗin mota kawai. Masu kemis, ku ji tsoron Allah ku daina ba da maganin yaron da ba ku gani ba. Ma'aikatan asibiti, uwar da ke kwatanta muku abu da hannu ba shirme take yi ba, ita ke kwana da yaron, ita ke tashi da shi. A duk gidanmu mutum ɗaya ce ta ga gaskiya tun ranar farko, kuma ita ce muka taru muka rufe wa baki. Matata ta ce ta yafe mini. Ɗana kuwa har yanzu bai iya maganar da zan roƙe shi gafara ya amsa ba, kuma wannan maganar nake jira.