Hutun Yaya Doguwar Hanya

Mu biyar ne a ofishin, a hawa na biyu, muna rubuta manhajar da ke tsara wa makarantu jadawalin darussa. Babbarmu ita ce Yaya Doguwar Hanya. Teburinta na jikin taga, tabarau a rataye a wuya, ga kofin shayin da kullum sai ya huce take tunawa da shi.

Ga inda ta samo laƙabin. A yaren kwamfutar da muke amfani da shi, akwai ɗan ƙaramin aikin da ake rubutawa nan take, a yi amfani da shi sau ɗaya, ba a ma raɗa masa suna. Hanyoyin rubuta shi uku ne. A doguwar, sai ka ambaci abin da ka miƙa masa: wannan malami, wannan aji. A gajerar, alama kawai za ka sa, ka ce na ɗaya, na biyu. A ta ukun, ko ambatonsu ba ka yi, sai ka jona ayyuka biyu ka wuce. Mu 'yan gaggawa gajerar muke so, don tana da burgewa. Yaya kuwa ko da wasa.

Na taɓa juya na ɗaya da na biyu, jadawalin gwaji ya fito da aji uku yana koyar da malamin lissafi. An yi mini dariya har na ji haushi. Ita kujera kawai ta jawo.

"Ƙanwata, aikin ne ba shi da suna," in ji ta. "Mutanen cikinsa suna da shi. Rubuta malami, rubuta aji."

Abin da ke ranta ɗaya ne. Shekara tara ba ta taɓa yin hutun da ba a kira ta ba, ga shi 'yarta ta fari ta kusa haihuwa, tana son mako biyu cur a gefenta. Wata guda ta yi tana bin tsofaffin layukan rubutun manhajarmu tana mayar da gajeru dogaye, mu kuma muna tsokanarta.

Kwana huɗu da tafiyarta wata makaranta ta ce darussan Laraba sun hau kan juna. Har na ɗauki waya zan kira ta, sai na ajiye na buɗe rubutunta. Komai a fili, kai ka ce tana zaune tana yi mini bayani. Kafin a tashi aiki na gyara.

Ta dawo fuskarta fes, tana nuna mana hoton jika. Da ta zauna sai ta dube ni ta saman tabarau.

"Wato ko sau ɗaya ba ku neme ni ba?"

"Na neme ki, Yaya, ranar Laraba," na ce. "A layi na ɗari biyu da sha huɗu na same ki."

Ta yi murmushi, ta ɗauki kofinta. A ranar nan, da zafinsa ta sha shayin.