Tela Jibi da Kwat ɗin Baƙo

Duk layin babu mai kiransa da sunan da ubansa ya raɗa masa. Tela Jibi ake ce masa, shi ma yana amsawa ko a jikinsa. Idan ka kai ɗinki ka tambaye shi yaushe za ka dawo, ba ya taɓa cewa gobe. Gobe ta yi kusa, in ji shi, mutum na iya zuwa da gaske. Jibi kuwa akwai sarari a cikinta, kafin ta iso mai kaya ya huce ko ya manta.

A hannun kawunsa ya koyi sana'ar, a wannan shagon da ke maƙale tsakanin mai gyaran waya da mai wanki da guga. Ya gaji keken ɗinki, ya gaji almakashi, ya gaji dogon madubin nan mai tsaga a gefe. Cika alkawari ne kawai kawun ya tafi da abinsa kabari, haka yake faɗa da bakinsa, ya kuma riga kowa dariya. Hannu kam Allah ya ba shi. Tef ɗin awo ado ne a wuyansa: kallo ɗaya zai yi maka daga kafaɗa zuwa ƙugu, ya ɗauki alli ya zana. Yanka yake so, zaman ɗinkin ne ke sa masa ciwon baya. Shi ya sa kantocinsa suke cike da kayan da aka yanka ba a haɗa ba. Akwai rigar wani yaro da aka kawo yana rarrafe, yanzu ƙaninsa ake sa ran zai sa.

Yana da wata dabara kuma. Duk wanda kayansa ke hannunsa, in ya zo wucewa, sai Tela ya dulmiya kai cikin keke kamar mai zura zare a allura, ya amsa gaisuwa yana kallon ƙasa. Rabin mutanen layin ta takalmansu ya san su.

Ana nan sai yaƙi ya koro mutane daga wata ƙasa, aka sauke wasu a tsohon sito na bayan kasuwa. Mai kemis, mace ce da in ta sa abu a gaba sai an yi, ta tara unguwa a wani aji na makarantar firamare don a kafa gidauniya. Manya suka takure a bencin yara, gwiwa na taɓa haɓa. Mai gidan burodi ya yi alkawarin burodin safe. Direban bas ya ce kai su asibiti da ofis a wuyansa. Mata suka raba kwanakin girki a tsakaninsu. Da kwanon taimako ya zo gaban Tela, ya laluba aljihu ya ji maɓallai ne kawai da guntun alli.

Cikin baƙin akwai wani malamin makaranta, dogo, ya rame har ana ganin ƙashin wuyansa. An ba shi ranar da zai tsaya gaban jami'an ofishin neman mafaka. In suka karɓe shi, zai iya ɗauko matarsa da 'yarsa da suka maƙale a wani sansani a hayin iyaka. Rigar da ke jikinsa ta kayan sadaka ce, da tallan man girki a ƙirji. Da aka tambaye shi abin da yake buƙata, ya yi ƙasa da murya ya ce duk rayuwarsa da kwat yake shiga aji, ba ya so ya roƙi zaman iyalinsa da kwalbar mai a gaba.

Tela bai san sa'ad da ya miƙe ba.

"Ni zan ɗinka masa kwat."

Ajin ya ɗauki dariya har da masu buga benci. Mai kemis ba ta yi ba.

"Tela, wannan ranar fa ba ta ɗaguwa."

"Na sani, Hajiya. Ku dai sayo yadi."

Aka sayo yadi mai ruwan toka da kuɗin gidauniya. Tela ya yi wa Malam kallon nan nasa, ya yanka a ranar. Ya so ya nuna wa masu dariya cewa akwai tela a layin, don haka ya yanka cif da jiki, bai bar rarar yadi ko ta ɗan yatsa a cikin ɗinki ba. Ya naɗe, ya ɗora a kan kantar shago, ya ce jibi.

Makonni suka shuɗe. Kullum da safe Malam yakan bi ta ƙofar shagon, zai je koya wa yaran sito karatu.

"Ina kwana, Tela?"

"Lafiya lau, Malam," in ji Tela, yana gaida silifas.

Malam bai taɓa tambayar kwat ba, wannan kuwa ya fi zagi ciwo. A gida kuma matar Tela ba ta da hira sai ta girkin baƙi. Gasa ta shiga tsakanin matan layin, kowa tana so a ce kularta ce ke dawowa wayam.

"Baban yara, Malamin nan kunya gare shi," ta ce tana cika kula. "Sai na tsaya a kansa yake cinyewa."

"Allah ya ba da lada," ya ce, bai kawo komai a ransa ba.

Ana gobe ranar zuwan Malam ofis, tsoro ya kama Tela da gaske. Ya janyo ƙofar shago rabi, ya hau keke tun da hantsi, ko ruwa bai nema ba. Kafin rana ta yi sanyi kwat ya haɗu, an goge, an rataye. Ya ja baya ya dube shi, ya ji kamar ya kira makaɗa. Mai gyaran waya ya leƙo, ya tambaya ko lafiya.

Washegari da safe bas ya tsaya a ƙofa. Mai kemis ta shigo, Malam na biye da ita. Tela, yau da yake ba shi da abin ɓoyewa, ya ɗaga kai ya dube shi a fuska. Wannan ba shi ne mutumin da ya auna ba. Kumatu sun fito, wuya ya cika, har ɗan tumbi ya turo kwalbar man girkin gaba.

Da aka sa wa Malam kwat ɗin, hannuwa suka shiga da ƙyar. Kafaɗa ta ɗaure tamau. Maɓalli da ƙofarsa suka tsaya suna kallon juna, tsakaninsu faɗin tafin hannu. Tela ya juya gefen kwat ɗin ya duba ciki, alhali ya san babu abin da zai saki.

"Hajiya, ni na auna da ido, matata ta rushe da ludayi," ya ce. Ya so ya yi dariya, ta ƙi fitowa. "Sau ɗaya a rayuwata na cika alkawari, shi ma wanda na cika wa ba ya nan."

"Kullum fa ta gabanka yake wucewa, Tela!"

"Takalminsa bai ƙara ƙiba ba, Hajiya."

Direba ya danna hon. Tela ya ɗauki almakashi, ya ce zai tsaga baya ya sa ƙyalle, ya ajiye, don ya san babu lokaci. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Abu guda bawan Allahn nan ya roƙa a wurin unguwa, kuma a hannunsa ya lalace.

Malam bai ji ko ɗaya ba. Yana tsaye gaban madubi. Babu dogon madubi a sito, tun da ya baro gida bai ga kansa daga sama har ƙasa ba. Ya juya gefe, ya dafa cikinsa, ya taɓa kumatunsa. Ya fara dariya a hankali, dariyar ta zo da hawaye. Ya ciro wayarsa daga aljihun wando.

"Tun da na iso matata take roƙo in tura mata hotona," ya ce. "Kullum ina ce mata kyamarar ta lalace. Ban so ta ga yadda hanya ta mayar da ni ba." Ya miƙa wa Tela wayar. "Ɗauke ni, don Allah, kafin mu tafi."

Tela ya karɓa, ya saita kyamarar.

"To Malam, ka ɗan riƙe numfashi, in ja gaban ya haɗu, ba za ta lura ba."

"A'a," in ji Malam, ya saki cikinsa, ya gyara tsayuwa. "Bar shi a buɗe. So nake ta ga ya ƙi rufuwa."