Hannun depitenmu

Shekarar da albasar Tabelot ta ruɓe mini cikin motar kamiyo saboda ramukan hanyar Tawa, muka cika butik ɗin maƙwabcina, wato shagonsa, muna kallon tele, majalisa na ƙuri'ar kasafin kuɗi. Babu gyaran hanyarmu a ciki. Depitenmu kuwa, wakilinmu a majalisar, ya taɓa zama a tabarmata, ya sha shayina har finjali na uku, ya rantse ba zai yarda da kasafin da babu hanyarmu ba. Muka nemi rawaninsa a tele, kujerarsa wayam. Sai na gefensa ya ɗaga hannu biyu na amincewa, wai ɗayan a madadin namu. Tir! Ni na sha rana na dangwala masa yatsa, shi ko hannunsa bai kai mana Yamai ba.