Hayaƙin Ɗakin Baba a Hawan Bika

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifinmu, Malam Hamidu, wanda 'yan unguwarmu ta Karantina a nan Jidda suka fi sani da Baba Tasha. Sun laƙaba masa sunan ne don ba a yin doguwar hira da shi bai kai ta tashar jirgin ƙasa ba. Ko kukan tsadar shinkafa kake yi masa, sai ya lallaɓa ya ɗora ka a jirgi ya sauke ka a garinsu.

Garin nasu Hawan Bika ne, wani ɗan gari a kan duwatsun Adamawa ta ɓangaren Kamaru. Ni a Jidda aka haife ni, ban taɓa taka shi ba, amma na san shi kamar tafin hannuna. Mota ba ta zuwa, sai jirgi. In jirgin ya kama hawan dutse yakan yi ta nishi, har mai tafiya a ƙasa ya jera da shi yana gaisawa da fasinja. Mata su miƙa zuma da gasasshiyar masara ta taga, birai su sauko su ɗauki rabonsu ba ciniki. Ni da ƙanena Abdulkarim mukan tsokane shi da cewa garin da birai suka fi mutane yawa yake yi mana alfahari da shi. Ba ya fushi. Sai ya ce ku dai kuna da ɗaki a can.

Ɗakin nan shi ya hana ni sukuni a bana, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Tun Baba yana saurayi hukuma ta shata dajin da ya kewaye garin ta mai da shi gandun namun daji. Ba a tashi mutane ba saboda tashar, amma aka kafa musu sharaɗi: ba sabon gini, kuma in masu gadin daji suka zo zagayensu bayan damina, duk ɗakin da suka tarar murhunsa ya yi sanyi, gara ta kama jinka, an bar shi ke nan, sai a rushe fili ya koma na daji. Da yake garin sanyi ne, kowane ɗaki da murhunsa. Sai mutanen suka fito da dabara. Duk wanda ya yi tafiya, wani nasa zai riƙa shiga ɗakinsa kullum da yamma yana hura wuta, hayaƙi ya ratsa ciyawar jinka, har ya dawo. Wutar matafiyi suke ce mata.

Da Baba zai taho aikin hajji, ƙanwarsa Gwaggo Dije ya bar wa tasa. Ya ce mata zai dawo kafin masara ta nuna. Yau sama da shekara arba'in ke nan. Ya yi dako a kasuwa, ya samu kafili, wato ɗan ƙasa mai tsaya wa baƙo, ya auri mahaifiyarmu, aka haife mu, kowace shekara yana cewa baɗi. Ban taɓa jin ya ce ya fasa ba. Ina jin haushinsa a kan wannan har yau, Allah ya gafarta masa, don ya ɗora wa mace guda kayan da ya kamata ya sauke mata tun da ƙuruciyarta.

Ranar da ya rasu ni na kira ta. A garin sai an hau wani dutse a bayan tasha waya take shiga, don haka sai da aka je aka riƙo ta zuwa can. Bayan mun gama kuka na ce, "Gwaggo, ki huta haka nan. Mai ɗakin ya tafi." Ta ce, "Ya bar 'ya'ya ko bai bari ba?" Na ce ya bari. Ta ce, "To wutar ba ta mutu ba." A lokacin na ɗauka rigimar tsofaffi ce. Muna da gida na bulo a Karantina, da maƙwabtan da suka san sunan kowa, me za mu yi da ɗakin laka a cikin birai?

Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba. 'Yan shekaru bayan haka aka shafa wa bangonmu jan fenti, aka ba mu wa'adi, manyan motoci suka zo suka baje unguwar. Gidan da ba a taɓa kwana ba a ɗora tukunya a cikinsa ba ya tafi cikin yini guda. Na koma wurin daga baya ban iya gane inda ƙofarmu take ba. Yanzu muna haya a unguwar Kurayyat, maƙwabtanmu na da sun watse, wasu an mai da su ƙasashen da ba su taɓa gani ba.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da yana nan. Jirgin nan mai gudu da ke bi ta Jidda tsakanin Makka da Madina, na san zai kushe shi, ya ce jirgin da ba ya tsayawa a sayi zuma ai ba jirgi ba ne. Wannan kam zai ba mu dariya. Amma filin Karantina fa? Ina jin zai dube mu ne kawai, mu da muka yi masa dariya, mu tuna da kanmu cewa gida biyu maganin gobara.

Ga shi gobarar ta matso. Abdulkarim yana aiki a wani sito a yankin masana'antu na Jidda, kafilinsa ya ce zai rufe, iƙamarsa kuma, wato takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa. In bai samu wani ba, ƙasar da fasfonsa ya nuna za a kai shi, da matarsa da 'ya'ya biyu. Da na tuna masa ɗakin sai ya ce, "Halas, bar zancen, Yaya, wane ɗaki? Ni ko Hausar ma wallahi nus-nus ce, rabi da rabi." Bai yi ƙarya ba. Sai dai in aka kai su can, ina za su sauka?

Makon jiya Gwaggo ta aiko da saƙon murya, tana magana tana tari. Ta ce garin ya ragu, samari sun bi jirgi ba su dawo ba, ɗakuna da dama sun zama ciyawa. Itace har yanzu tana iya tsintowa, in ji ta, busa wutar ne numfashinta ba ya kaiwa. Ba ta roƙe mu komai ba. Damina ta kusa ƙarewa kawai ta ce, kuma na san abin da ke biyo bayan damina.

In na auna abin da ya saura na Baba, ba shi da yawa. Kabarinsa ba alama, kamar na kowa a ƙasar nan. Gidan da ya tashe mu a ciki ya zama fili. Abokan hirarsa sun watse. Abin da ya rage da sunansa a duniya hayaƙi ne da wata tsohuwa take tayarwa kowace yamma a ɗakin da ba kowa, kuma hayaƙin nan ne kaɗai ya hana jikokinsa zama marasa wurin zuwa. Ina tsoro, ban ɓoye ba. Ina tsoron dutsen, ina tsoron zaman nan, na fi tsoron ranar da za a ce mini murhun ya yi sanyi.

Na sa aka riƙo ta zuwa kan dutse na ce, "Gwaggo, riƙe mana ita kaɗan, ɗayanmu yana nan tafe." Ta ce, "Haka ubanki ya ce. Ta gobe dai zan hura in Allah ya kai mu, jibi kuma ban sani ba."

Ni da gas na tashi, ban taɓa hura wutar itace ba. Jiya na sayo ɗauri guda na hau saman bene da ashana. Sai da kwalin ya kusa ƙarewa ta kama, hayaƙi ya cika mini ido, na zauna ina ta hawaye ban kauce ba. Allah ya jiƙan Baba Tasha, ya ƙara wa Gwaggo numfashi har in iso.