Ginshiƙin da Baba Tanko ya rushe

Har yau ban manta da ranar da Baba Tanko ya rushe gininsa da hannunsa ba. A lokacin fari na 1984 ne, muna gina rijiyar siminti a wani ƙauye gabas da Gangara. Shi ne shugaban maginanmu, ni mataimakinsa.

Mun cim ma ruwa, mun tsayar da ginshiƙai biyu da za a gitta wa sandar jan guga. Ardo Jaɓɓi, shugaban makiyayan wurin, yana zaune da sauran shanunsa yana jiran siminti ya bushe.

Tun safe Baba ya duƙufa kan sandunan ƙarfe da aka jingina a gindin gawo, duk sun karkata gabas, yana bin su da ido yana ware masu lanƙwasa. Da ya ɗago ya dubi ginshiƙan, sai ya ce, "Sani, ginin nan ya kwanta yamma."

Na ce, "Baba, ni daidai nake gani. A kawo zaren awo mana." Shi ne zare mai ƙarfe a baki da ake rataya wa gini a ga tsayuwarsa.

Baba ya ce, "Yana can cikin rijiya wajen masu haƙa. Idan wannan ya faɗa kan mai ɗiban ruwa, wa zai amsa?"

Ya ɗauki guduma. Kafin a hauro da zaren, ɗaya ya zube. Muka rataya shi a na biyun: tsaye cak. Baba ya murza ido, ya sake duba, karkatar ta ɓace.

Siminti kuwa ya ƙare, kamyo, motar da ke kawo shi, bai da ranar zuwa. Ardo ya ce, "Malam Tanko, shanuna ba su iya jira." Ya kaɗa su kudu. Aka ce mana kaɗan suka kai da rai.

Daga baya wani likita a Agiye ya bayyana mini cewa idan ido ya daɗe kan layuka masu karkata, yakan saba da su, sai miƙaƙƙen abu ya zama kamar ya karkata ɗaya gefen, na ɗan lokaci.

Baba bai ji wannan bayani ba. Muna gama rijiyar ya bar gini, yana cewa idonsa ya mutu, alhali lafiyarsa ƙalau. Ku matasa, in ido ya ce maku gini ya karkace, ku huta, ku auna tukuna. Tsoron kada a cutu ne ya sa Baba gaggawa, kuma ban sake aiki da magini kamarsa ba.